Gyaran Gidan Maƙwabci

Sau da yawa mu kan ji ana cewa Musulunci yana bukatar gyara. Waɗansu masu bi kuwa da sun ji haka sai su yi ɗokin sa baki. Shin wannan aikinmu ne?

Mu fara tunawa, kiran gyara ba baƙon abu ba ne wurin Musulmi, har suna da sunansa, watau tajdidi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a Gobir, yana tsauta wa sarakuna saboda zalunci, kafin jihadin 1804. A Masar, Muhammadu Abduh, wanda ya rasu a 1905, ya roƙi malamai su karɓi ilimin zamani. A Jos aka kafa Izala a 1978 domin yaƙi da bidi'a. Hanyoyinsu dabam dabam ne, amma dukansu 'yan gida ne.

Mu ma haka ya faru gare mu. Sa'ad da Martin Luther ya tashi a 1517, firist ne na ekklesiyar da ya ke tsauta wa. Da Sarkin Turkawa ne ya aiko da maganar nan, wa zai saurara? Haka nan idan muka shiga gardamar malamai muka goyi bayan ɗaya, mun ɓata shi ke nan, gama za a ce shi ɗan koren Kirista ne.

To, sai mu yi shiru? A'a. Akwai abu uku da ke wuyanmu.

Na fari, mu nemi shari'a. Da aka kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a 2022 bisa zargin saɓo, wannan ya wuce gardamar cikin gida, gama an zub da jini. Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar, mu ma 'yan ƙasa ne, muna da iko mu kai kuka gaban hukuma.

Na biyu, mu yaba wa masu aikin kirki. A 2016 malamai suka taru a Marrakesh ta Maroko, suka ce dole a kiyaye hakkin waɗanda ba Musulmi ba. A 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallaci da gidansa, ya hana a kashe su. Sau nawa muka faɗi wannan a majami'a?

Na uku, mu duba gidanmu. A rikicin Jos na 2001 da na 2008, waɗansu masu sunan Kirista su ma sun zub da jini. Ubangiji ya gargaɗe mu cikin Matta sura 7 a kan gungumen da ke idonmu. Nan ne gyaran da aka ɗora mana, ba kuwa wanda zai yi mana shi.

Allah ya ba mu tuba ta gaskiya, domin maƙwabtanmu su ga Yesu cikin zamanmu. Amin.