Dutsen Taimako a PK 14

Karatun yau: 1 Sama'ila 7:3-12, Filibiyawa 4:6-9



Wata 'yar'uwa da ke sauraron shirinmu daga unguwar PK 14 a birnin Douala ta aiko mana da wasiƙa. A watan Agusta, lokacin da ruwan sama yakan kwana yana zuba, ruwa ya shiga ɗakinta ya lalata buhunan fulawar da take tuya da ita. Maigidanta ɗan babur ne, irin waɗanda ake kira bensikin, ya yi hatsari yana kwance. Ta ce, "Baba Fasto, kullum kuna cewa mu sa zuciyarmu ga abin da ke mai kyau. In na ce lafiya lau alhali kuwa ba lafiya ba, ashe ba ƙarya nake yi wa kaina ba?"

'Yata, tambayarki tana kan hanya. Allah ba ya son ƙarya, ko da ta lallashin zuciya ce. Littafin Zabura cike yake da kukan bayin Allah, Yesu kansa ya yi hawaye a mutuwar Li'azaru. Wanda ya ce mai bi ba ya baƙin ciki, ya ɗora masa kayan da Ubangiji bai ɗora masa ba. To, mene ne kyakkyawan tunani?

Ki dubi sunan unguwarku. Harufan nan biyu, PK, gajarta ce ta kalmomin Faransanci masu nufin alamar kilomita a bakin hanya. Akwai PK 8, akwai PK 12, akwai PK 14. Lambar ba ta faɗa wa matafiyi abin da ya rage masa, tana faɗa masa nisan da ya riga ya yi ne. Zuciyar da ta gaji kuwa akasin haka take lissafi. Tana ƙirga bashi, da kuɗin haya, da kuɗin makaranta, ta manta da kilomitocin da Ubangiji ya riga ya bi da ita. Abin da ta ƙirga gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan.

Annabi Sama'ila ma ya kafa alama irin wannan. A sura 4 ta littafinsa na fari, Filistiyawa sun ci Isra'ilawa da yaƙi, mutum 30,000 suka fāɗi, aka kwace akwatin alkawari. Sunan wurin da Isra'ilawa suka kafa sansani a lokacin shi ne Ebenezer. Bayan shekara 20, jama'a suka tuba a Mizfa, Ubangiji ya ba su nasara. Sai Sama'ila ya ɗauki dutse ya kafa, ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako, domin a riƙa tunawa Ubangiji ne ya kawo su har wurin. Sunan da ke tuna musu da kunya, shi ne ya zama shaidar alheri. Sama'ila bai share labarin shan kashi ba, amma bai bar shi ya zama ƙarshen labari ba.

Haka ma Manzo Bulus. Yana ɗaure da sarƙa ya rubuta wa ikkilisiyar Filibi, garin da aka taɓa yi masa bulala aka jefa shi kurkuku tare da Sila. Ya jera musu abubuwan da ya kamata su cika tunaninsu da su. Ku lura, gaskiya ce ya fara ambata, kafin ya zo ga abin da ke na ƙauna da na yabo. Ashe kyakkyawan tunani ba gudun gaskiya ba ne. Faɗin gaskiya ne har ƙarshenta.

Mu mazauna Douala muna da misali a gabanmu. A zamanin mulkin Jamusawa, an ƙwace filayen mutanen Duala da ke bakin kogin Wouri, aka keɓe musu wuri can nesa da ruwa, wurin da ake kira New Bell. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Zalunci ne, har gobe sunansa zalunci. Duk da haka unguwar ta zama masaukin baƙi. Hausawa da Bamileke da Basa suka zauna a ciki, suka yi kasuwa, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya da jikoki. Duka biyun gaskiya ne, mai hankali kuwa yakan riƙe su tare.

Ga abubuwa uku da za mu riƙa yi. Na ɗaya, mu kira damuwarmu da sunanta a gaban Allah, kada mu ɓoye kome. Na biyu, kafin mu kwanta kowace rana, mu ambaci taimako guda ɗaya da Ubangiji ya yi mana, kome ƙanƙantarsa, mu rubuta shi ko mu faɗa wa yaranmu. Wannan shi ne dutsenmu. Na uku, mu tambayi kanmu abin da ke hannunmu yau, mu yi shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wata magana kuma. Idan baƙin ciki ya yi makonni ya hana mutum barci da cin abinci da aiki, ko ya fara jin gara ya mutu, wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ya faɗa wa fastonsa ko wani dattijo, a raka shi wurin likita. Sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Ubangiji ya fara ba shi abinci da ruwa da barci ne kafin ya yi masa magana (1 Sarakuna 19). Ku kuma 'yan zumuntar mata da dattawan ikkilisiya, kada ku kai wa mai wahala wa'azi kaɗai. Mudun gari da ziyara su ne sukan zama dutsen taimakon wani.

'Yata, ba sai kin ce lafiya lau ba. Ki ce, "Fulawata ta lalace, maigidana yana kwance, amma yana da rai, Ubangiji kuwa shi ne ya kawo ni har nan." Ba ƙarya ko ɗaya a cikin wannan.

Addu'a: Ya Uba na sama, ka san nauyin da ke zuciyarmu. Ka tsare mu daga ruɗin kai, ka kuma tsare mu daga fid da zuciya. Ka buɗe idanunmu mu ga taimakonka na jiya, domin mu sami ƙarfin tafiyar yau. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.