Tonon Asali a Zangon Agege: Tsakanin Gaskiya da Sutura

Hausawa kan ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Duk da wannan gargaɗi, ɗan Adam bai taɓa daina tambayar inda ya fito ba, kuma tambayar ta fi cin rai ga wanda aka haifa nesa da garin kakanninsa, irin jikokin Hausawan da suka kafa Zango a Agege ta Jihar Legas. Abin da wannan maƙala ke son dubawa shi ne: idan mutum ya shiga binciken asalin gidansu, ya tarar da abin da dangi ba sa son ji, me ya kamace shi? Ya faɗi gaskiya, ko ya yi sutura?

Kafin a kai ga amsa, yana da kyau a san yadda waɗannan gidaje suka kafu. Hausawa sun riga jirgin ƙasa isa Ikko, domin tun a 1863 Baturen nan John Glover ya kafa rundunar tsaro da su, da yawansu bayi ne da suka kuɓuce wa iyayengijinsu. Amma Agege, goro da dogo ne suka raya ta. Layin dogo ya tashi daga Legas ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Goron da a da fatake ke ɗaukowa daga Gwanja bisa jakuna, tafiyar watanni, sai ga shi ana noma shi a ƙasar Yarabawa, ana ɗaure shi huhu-huhu, ana loda shi a tasha zuwa Arewa. Nan fa jama'a suka kwararo: fatake da dillalai da 'yan dako da mahauta da malamai da 'yan ci-rani. Wasu sun zo da niyyar rani ɗaya, sai ga kaburburansu a can.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa neman asali a irin wannan wuri aikin marasa abin yi ne. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗaura zaman mutum ɗan jiha a kan asalin iyayensa ko kakanninsa. Saboda haka saurayin da aka haifa a Agege, aka haifi mahaifinsa a Agege, yake jin Yarabanci kamar Hausa, in ya tashi neman aikin gwamnati ko gurbin karatu, akan ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumar da wataƙila bai taɓa taka ƙasarta ba. Ga kuma rabon gado, ga binciken da ake yi kafin a ba da aure. Ashe ke nan tambayar ta shafi abinci da aure da mutunci.

Wasu al'ummu sun fi mu sauƙin wannan aiki. Alal misali, Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka. A 1683 iyalai 13 suka kafa unguwarsu kusa da Filadelfiya, kuma daga 1727 hukuma ta wajabta rubuta sunayen baƙin da jiragen ruwa ke saukewa a wannan tasha. Jikan manomi Bajamushe kan bi waɗannan takardu da rajistar coci har ya gano ƙauyen da kakansa ya baro. Mu kuwa rajistarmu ita ce laƙabin da ke ɗauke da sunan gari, da tsagar fuska, da ɗan rubutun ajami a littafin bashi, da kuma bakin tsofaffin mata. Sai dai abin lura shi ne, da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, gidajen Jamusawa da dama sun sauya sunayensu don su tsira daga tsangwama. Wato ɓoye asali ɗabi'a ce ta duk baƙon da ya ji tsoro.

To, me mai bincike kan tarar? Labarin da ya fi yawo a gidaje shi ne cewa kakanmu ɗan sarki ne, aka hana shi sarauta, ya yi fushi ya bar gari. In duk labaran nan gaskiya ne, wane ne ya ɗauki huhun goro a ka? Tarihi ya nuna cewa dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayan fitowarta kawai ta 'yanta kai tsaye, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Tsakanin waɗannan shekaru, zango mai nisa mafaka ne ga wanda ke son ya wayi gari inda ba a san ubangidansa ba. Haka yake ga wanda haraji ya kora, ko bashi ya tasa.

Masu goyon bayan sutura suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa tsohon da ya yi shiru ya san abin da ya sa ya yi shirun, kuma da shi ya sayo wa zuriyarsa mutunci. Wane ne jika da zai warware abin da kaka ya ƙulla? Bugu da ƙari, gori bai mutu ba a cikinmu. Kalma ɗaya tana iya rusa baikon yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Mamaci ba ya jin zafi, amma rayayye yana ji.

Masu goyon bayan gaskiya su ma ba su rasa abin faɗa ba. Wanda ya share kakansa ɗan dako ya dasa yariman ƙarya a gurbinsa, ya binne shi sau biyu, ya kuma hana shi ladan guminsa. Daɗin daɗawa, ƙaryar tana koya wa yara cewa aikin ƙarfi abin kunya ne, kuma daraja gadonta ake yi. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa kakannin Agalawa da Tokarawa masu yi wa Abzinawa hidima ne kafin su zauna a ƙasar Hausa. Amma daga cikin Agalawa aka sami Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Farkon gida bai yanke wa ƙarshensa hukunci ba.

A ganina, mafita tana cikin bambance shiru da ƙarya. Shiru haƙƙin rayayyu ne a wasu lokuta, ƙarya kuwa zalunci ce ga mamaci a kowane lokaci. Mai bincike ba shi da ikon ƙirƙiro kakan da ba a yi ba, ba shi kuma da ikon goge wanda aka yi. Abin da ya gano amana ce: ya adana shi a rubuce, ya sanar da waɗanda jininsu ne cikin hikima da lokacin da ya dace, kada ya kai shi dandali. In kuwa garin tono ya ci karo da asirin gidan maƙwabta, wannan ba nasa ba ne, sai ya mayar da ƙasa ya rufe. Sannan ya riƙa tuna wa danginsa cewa kunyar bauta tana wuyan wanda ya kama mutum ya sayar.

A ƙarshe, ya kamata ɗaliban Hausa su gane cewa tsofaffin Zango da suka ji labarin farko daga bakin masu shi suna ƙarewa, kuma duk wanda ya tafi da nasa kundin yake tafiya. A zauna da su tun da sauran dama. Jikan Agege kuwa, in ya bi sawu har Bebeji ko Bichi ya sha ruwan rijiyar kakanninsa, ya yi kyau. Amma ya sani cewa mutumin da ya sauka daga jirgi da tabarma da buta, ya ɗauki dako har ya gina ɗaki ya yi iyali, shi ma tushe ne, kuma ya isa a kira sunansa da babbar murya.