Bargon ƙyallaye da bashin yabo

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole, suna kuma cewa yaba kyauta tukuici. Karin magana na farko ya wajabta wa baki faɗar gaskiya, na biyu ya nuna cewa baki kaɗai ba ya sauke nauyi sai hannu ya bi bayansa. Akwai tambayar da ke tsakanin maganganun nan biyu: idan gwanar matalauciya ce, abin da ta yi kuma daga tsumma ta yi shi don sanyi ya hana ƴaƴanta barci, mene ne ke kan wanda ya zo daga nesa ya ce aikinta ya yi kyau? Tarihin wani ƙaramin ƙauye na Amurka ya kai wannan tambaya har gaban alƙali.

Sana'ar da ake magana a kanta ita ce ɗinkin bargon ƙyallaye. Bargo ne mai hawa uku: a sama ƙyallaye da aka yanka aka harhaɗa, a tsakiya auduga, a ƙasa shimfiɗa guda, sannan a bi da allura a soke ukun tare, layi bayan layi, don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin lifidi a jikin doki ranar hawan salla a Damagaram ya san rabin aikin, domin shi ma cusawa ne da sokewa. Haɗa ƙyalle kuwa kusan babu ƙasar da ba ta san shi ba. Matan Bengal na jera tsofaffin zannuwa su ɗinke, su kira shi kantha. Manoman arewacin Japan sun yi ta yi wa tufa maho bisa maho har aka raɗa mata suna boro. Ansar na Mahadi a Sudan sun sa jibba mai faci, kamar yadda mabiya Shehu Ibra Fal a Senegal ke sa tufa mai launi barkatai don nuna gudun duniya.

Ƙauyen shi ne Gee's Bend, a jihar Alabama, inda kogi ya yi gwiwa ya kewaye ƙasar ta fuska uku. Wani mai suna Joseph Gee ya kafa gandun auduga a wurin a 1816. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso da bayi kimanin 100 a ƙasa tun daga Karolina ta Arewa. Bayan an soke bauta jikokinsu sun zauna a wurin suna noma gonar da ba tasu ba, kuma har yau da yawa daga cikinsu sunan Pettway suke amsawa, wato sunan wanda ya mallaki kakanninsu. A 1932, lokacin da farashin auduga ya faɗi, ɗan kasuwar garin Camden da ke ba su bashi ya rasu, masu karɓar bashinsa suka ƙetaro kogi suka kwashe dabbobi da kayan noma da abinci. Da taimakon ƙungiyar agaji ta Red Cross mutane suka ga bayan hunturun nan.

A cikin irin wannan hali ne matan ƙauyen suke ɗinki. Ɗakunan katako ne, ana manna musu tsofaffin jaridu don toshe iska, kowane gado kuma yana buƙatar barguna da dama. Kayan aikin su ne wandon gona da ya mutu, da buhun gari, da buhun taki, da ragowar auduga. Inda gwiwa ta ci wando launin ya koɗe, inda aka ɓalle aljihu shuɗin yana nan da duhunsa, matan kuwa suka mai da wannan bambanci abin tsara ado. A 1942 Missouri Pettway ta ɗauki tufafin aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa, ta farke su, ta haɗa bargo. Ƴarta Arlonzia, wadda ta taya ta farkewa, ta ba da labari daga baya cewa uwar ta yi shi ne don ta riƙa tuna mijin, ta kuma lulluɓa da shi. Ke nan bargo ɗaya ya ɗauki amfani biyu tun kafin wani baƙo ya gan shi: yana tsare ɗari, yana kuma tsare mamaci daga mantuwa.

Duniya ba ta shigo ƙauyen da sauƙi ba. A 1962, da mutanen suka fara ƙetarawa Camden don neman rajistar zaɓe, aka dakatar da jirgin fiton da ke haɗa su da garin, tafiyar ƴan mintoci ta koma ta kusan awa guda a mota. Sai a 2006 fiton ya dawo. A 1966 aka kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu ɗinki a yankin, Freedom Quilting Bee, wadda ta samar wa mata kuɗin shiga, amma manyan kantunan da ke saye suka buƙaci kowane bargo ya yi kama da ɗan'uwansa. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga hoton bargon Annie Mae Young shimfiɗe bisa tarin itace, ya bi sawu har ƙofar gidanta, ya shiga sayen barguna gida gida. A 2002 aka baje kimanin 70 a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a Niyok. Masu sharhi suka jera su da ayyukan manyan masu zanen Turai na ƙarni na 20, kuma a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki 10 da hotunansu.

Abin lura a nan shi ne, da an kai waɗannan barguna irin gasar da aka saba yi a ƙasar, da wuya su ci ko lada. Alƙalin gasa yana duba ko kusurwa ta haɗu da kusurwa, ko sukar allura ƙanana ce kuma daidai wa daida, ko gefe ya miƙe. Bargon Gee's Bend kuwa layinsa na karkacewa, launi na katse launi inda ido bai zata ba. Ma'aunin gasa yana da amfaninsa, domin yana koya haƙuri da tsabtar aiki, sai dai abin da ake iya ƙirgawa shi ne kuma abin da ake iya saye. A 1933 kamfanin Sears ya shirya gasa albarkacin bajen kolin duniya na Shikago, aka shigar da barguna sama da 24,000. Margaret Caden ta jihar Kentucky ta ci babbar kyautar dalar Amurka 1000, aka miƙa bargon ga matar shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt. Shekaru da dama bayan haka masu bincike suka tabbatar cewa wasu mata ta biya suka yi ɗinkin, alhali dokar gasar ta ce aikin ya zama na mai shigar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan ake gane kashi na farko na bashin da ke kan mai yabo, wato suna. A 1971 gidan Whitney ya taɓa rataye tsofaffin barguna a bango kamar zane, kuma wannan baje koli ne ya buɗe wa sana'ar ƙofar manyan gidajen fasaha. Amma galibin bargunan ba a san wadda ta ɗinka su ba, sunan da aka riƙe shi ne na waɗanda suka tara su. Yabon da ba shi da suna yabon kaya ne, kuma ladansa na komawa ga idon da ya tsinto. Bajen 2002 ya gyara wannan: kowane bargo da sunan mai shi, da shekararsa, da labarin da ta bayar da bakinta. Ga matan da kakanninsu aka shafe sunayensu aka liƙa musu na ubangida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kashi na biyu shi ne rabo, kuma a nan ne magana ta yi nauyi. A 2007 wasu daga cikin matan, har da Annie Mae Young da Loretta Pettway, sun shigar da ƙara suna cewa ba a ba su haƙƙinsu ba daga cinikin bargunan da amfani da hotunansu. A 2008 aka kashe maganar ba tare da kotu ta ɗora wa kowa laifi ba, wasu matan ƙauyen kuma sun tsaya bayan Arnett. Adalci ya wajabta a ji hujjar mai saye. Ya biya fiye da yadda kowa ke biya a lokacin, ya kashe dukiyarsa wajen buga littattafai da shawo kan gidajen fasaha, kuma ba don shi ba da yawancin bargunan sun ƙare a ƙarƙashin katifa ko a wuta, domin akan ƙona waɗanda suka tsufa. Duk wannan gaskiya ne. Amma ciniki ba ya cika adalci don kawai an ce an sallama. Idan ɗaya ya san abin da kaya zai zama gobe, ɗayan kuma bai sani ba, ga shi yana cikin buƙata, to yardar da aka samu gurguwa ce. Faransa ta gane haka tun 1920. Zanen nan na Millet mai suna L'Angélus, wanda mai shi ya sayar da kuɗi kaɗan, an saye shi faran 553,000 a 1889, shekara 14 bayan rasuwarsa, iyalinsa ba su sami ko anini ba. Irin wannan ne ya haifar da dokar droit de suite, wato haƙƙin bin sawu, wadda ke ba mai fasaha wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa. Amurka ba ta da irin wannan doka a matakin ƙasa. Gidauniyar Souls Grown Deep da Arnett ya kafa ce ta fara, a 2020, ba masu aikin da ke raye kashi 5 cikin 100 bisa raɗin kanta. Abin da aka bayar don kirki yana da kyau, sai dai mai bayarwa na iya dainawa, haƙƙi kuwa ana iya nemansa ba tare da sunkuyar da kai ba.

Kashi na uku ya fi ɓoyuwa, domin yana zaune ne cikin zuciyar mai kallo. Mutum kan tsaya gaban bargon wandon gona, ya ji daɗi, har ya fara gode wa talauci a ransa, yana cewa babu ce uwar dabara. Wannan tunani yana da daɗin faɗa ga wanda ya ƙoshi. Babu ta ba da tsumma, amma ba ita ta ba da ido ba. Matalauta sun cika duniya, ba dukansu suka ɗinka irin wannan ba. Abin da ya bambanta Gee's Bend shi ne ilimin da uwa ta miƙa wa ƴa, ƴa ta miƙa wa jika, da al'adar shanya barguna a kan shinge idan sanyi ya wuce, kowace mace ta ga na maƙwabciyarta, ta koma gida ta yi wanda ya fi. Wanda ya danƙa wa talauci ladan wannan aiki ya ƙwace shi daga hannun matan a karo na biyu. Mafi muni, zai so su dawwama yadda ya same su, ya yi tsaki idan sun sayi sabon yadi ko sun sa keken ɗinki. Su kuwa ba su taɓa ɗaukar tsumma a matsayin addini ba. Da Sears ya ba ƙungiyarsu kwangilar ɗinka rigunan matashin kai a 1972, ragowar sabon yadin mai kauri suka kwasa zuwa gida, kuma daga cikinsa wasu fitattun bargunansu suka fito. Mary Lee Bendolph ma ta shiga ɗakin masu buga zane a Kaliforniya a 2005 ta mai da tsarinta kan takarda. Ɗan Baye Fal da ya sa faci shi ya zaɓa, yana iya tuɓewa. Matar da sanyi ya tilasta wa faci ba ta zaɓa ba, kuma ba daidai ba ne a yi mata kwalliya da tawali'un da ba a tambaye ta ba.

Akwai kuma abin da bango ba ya iya nunawa. Bargon Missouri Pettway, idan an rataye shi ƙarƙashin fitila, an tsare shi daga asu da wuta, dubban mutane za su gan shi, amma ba mai lulluɓa da shi. Wannan asara ce da ba a iya kauce mata, kuma ba laifin kowa ba ce. Abin da ake iya yi shi ne mai kallo ya tuna cewa kyawun da yake gani shi ne na uku a jerin dalilan da suka sa aka ɗinka abin.

Maganar ba ta tsaya a Alabama ba. Masaƙi da mai rini da mai saƙar faifai da mai ɗinkin hula suna nan a Maraɗi da Tawa da Damagaram, kayansu kuma na fita ta hannun dillalai, ko ta rumfunan gidan tarihi na Bubu Hama da bajen kolin sana'o'in mata na SAFEM a Yamai. Duk wanda ya saye irin waɗannan kaya don ya kai gaba, ɗan ƙasa ne ko baƙo, tambayoyi uku na jiran sa: ya rubuta sunan mai aikin? Ya gaya mata nawa kayan ke yi a inda za a kai su? Zai ci gaba da saye idan gobe ta sauya salo, ta gina ɗakin siminti, ta ƙara kuɗi? Wanda ya iya amsa ukun da i, shi ne yabonsa ya zo da tukuici.