Billen Baba Ya Koma Dama

Baba ya shekara biyu da rasuwa aka ɗaura auren autarmu a Darki. Bayan biki ya watse, an mayar da kujerun haya, sai ta turo mana hotuna biyu ta WhatsApp: nata na ranar kamu, da wani na Baba da aka ɗauka wata Sallah a ƙofar gida. "Yaya, don Allah ku haɗa ni da shi. Ai ku ne masu kwamfuta."

Ba mu yi musu ba. Aikin ba shi da wuya: a yanko mutum daga hotonsa, a ɗora shi a kan ɗayan, a goge bakin yankan, a daidaita launi. Haske ne kawai ya ba mu wahala. Rana ta doki Baba ta hagu, fitilar mai hoto kuma ta doki amarya ta dama, ido kuwa yana gane inuwar da ta saɓa ko da bai san dalili ba. Sai muka juya hoton Baba kamar a madubi. Ya zauna daram, muka tura mata.

Da muka nuna wa Inna, ta daɗe tana kallon wayar. Ta ce billen Malam ya koma dama. Can kuma ta ƙara da cewa, "Da yana raye, me zai kai shi tsakiyar mata wurin kamu? Yana can zaure da mutanensa."

Tun ranar muke tambayar kanmu: shin ƙarya muka yi?

Da farko mun kare kanmu da cewa hoto bai taɓa zama tsagwaron gaskiya ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da babur, mai son hoto ya ara ya tsaya da su kamar nasa. Mu ma mun taso muna tsayawa gaban labulen da aka zana wa bene da furanni. Lokacin zaɓe kuwa, ga ɗan takarar kansila nan a jikin bango kafaɗa da kafaɗa da jagoran jam'iyya, alhali wataƙila ko musabaha ba su taɓa yi ba. Ba wanda ya ce an yaudare shi, domin mai yi da mai kallo duk sun san wasa ne.

Amma da almakashin nan dai aka share Nikolai Yezhov daga hotonsa da Stalin a bakin ruwa, bayan an kashe shi a 1940, tun Photoshop bai zo duniya ba, shi da sai 1990 ya fito. A watan Maris na 2024 kuma, manyan kamfanonin dillancin labarai irin su AP da Reuters suka janye hoton Gimbiya Kate ta Ingila da 'ya'yanta saboda an taɓa shi, ita ma ta fito ta amsa. Hoton iyali ne, ba ran kowa a ciki, amma an miƙa shi a matsayin shaida ga mutanen da ba sa wurin.

Nan hujjarmu ta fara rawa. Autarmu ta san haɗi ne, mu ma mun sani, duk wanda ya ci tuwon bikin ya sani. To amma hoto ya fi masu saninsa tsawon rai. Nan da shekara talatin, jikan da bai taɓa ganin Baba ba zai buɗe shi, ba Inna a kusa balle ta gyara masa. Zai ga kakansa da bille a kuncin da ba nan yake ba, yana tsaye inda kunya da kawaicinsa ba za su taɓa barinsa ya tsaya ba. Batun halartar biki ma mai sauƙi ne. Halin mutumin muka sauya. Mai rai yana iya cewa a cire shi daga fosta. Mamaci fa, wa zai tambaye shi?

Mu da muke rubuta manhaja mun san inda sana'ar ta dosa: kowane sabon salo gasa yake wajen ɓoye ɗinki, yanzu ma waya da kanta take share mutum daga hoto da taɓawa ɗaya. Mun yi alfahari da cewa haɗinmu ba ya ganuwa, ashe abin da ya kamata ya dame mu ke nan.

Duk da haka ba za mu ɗora wa yarinyar nan laifi ba. Ba ta nemi ta yaudari kowa ba. An kai ta ɗaki ba uban da zai yi mata nasiha, ta so ko a waya ne ta gan su tare. Wanda bai yi wannan rashin ba, ya yi a hankali da hukunci.

Sai muka sake wani irin na da: amarya a tsakiya, Baba a ɗan da'ira a kusurwar sama, billensa a hagu, shekarar rasuwarsa a ƙasa. Ta ce ya yi kama da kalandar ta'aziyya. Gaskiyarta, ya yi.

Na farkon dai shi ne a fuskar wayarta har yau, ta kuma riga ta ɗora shi a Facebook. A ƙarƙashinsa wata ƙawarta ta makaranta daga Wudil ta rubuta: "Allah sarki, ashe Baba ya ga auren."