GANUWA MAI ƘOFA DA GANUWA MARAR ƘOFA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, Imamu Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, cewa wata rana Manzon Allah (S.A.W.) ya zana wata siffa mai kusurwa huɗu, ya ja layi a tsakiyarta har ya ɓulla waje, sa'an nan ya jera waɗansu ƙananan layuka a gefen na tsakiyar. Ya bayyana wa sahabbai cewa na tsakiyan nan ɗan Adam ne, siffar da ta kewaye shi ajalinsa ce, abin da ya ɓulla waje burinsa ne, ƙananan layukan kuwa musibu ne, in wannan ta kuskure shi waccan ta same shi.

Malamai sukan kawo wannan hadisi domin jan kunne a kan dogon buri, kuma sun yi daidai. Amma mu lura, murabba'i ɗaya tak aka zana. Abin mamaki, da yawa daga cikinmu mukan zana wa kanmu wani ƙarami a cikin wancan, mu shige, mu toshe kusurwoyinsa, sa'an nan mu sa masa suna ƙaddara.

Wani ka ji ya ce, "Ni ai na tsufa da karatu." Ga furfura ta game kai, amma Fatihar da yake salla da ita ba ta gyaru ba, kunya ta hana shi zama gaban malami. To, Bukharin nan dai ya ambata cewa sahabbai sun yi karatu bayan shekarunsu sun ja. Wani kuma ya ce, "Ilimi na 'yan gidan malamai ne, na mutanen Juma da Kona, mu gidanmu jima muka gada, ko fawa." Shi wannan ya manta cewa Sibawaihi, limamin ilimin nahawu, mutumin Farisa ne, ba Balarabe ba. Ata'u ɗan Abi Rabaha kuwa baƙar fata ne, 'yantaccen bawa, amma shi ne ya zama mai ba da fatawa a Makka. Wata baiwar Allah ta ce aure da goyo sun rufe mata ƙofar sani, alhali Shehu Usmanu ya zargi masu barin matansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da matan aure. Misalin waɗannan duka kamar akuya ce da ta daɗe ɗaure a turke. Ta kiwace da'irar da igiya ta kai, har ranar da aka kwance ta ba ta ƙetare sawunta na jiya ba.

Mu dubi garun birninmu na Zazzau. Magabata sun kewaye gari da ganuwa, amma sun bar fili mai yalwa a ciki domin noma ko da abokan gaba sun yi ƙawanya, kuma sun bar ƙofofi: Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona da sauransu. Ta nan fatake ke shigowa, ta nan almajirai ke fita neman ilimi. Haka iyakokin Allah suke. Abin da Ya haramta ƙididdigagge ne, halal kuwa fili ne fetal. Ganuwar da tsoro da kasala suke gina wa mutum ita ce ba ta da ƙofa, gini marar ƙofa kuwa kowa ya san sunansa kabari.

Haka nan ku tuna da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Kowane magini ya san azara tana da iyakar tsawon da za ta ɗauki rufi. Da gwanin ya tsaya nan, da ɗaki ƙuntatacce zai tayar. Sai ya ɗora azara bisa azara, ya ɗaure, ya lanƙwasa su suka zama bakan gizo, har suka ɗauki rufin da jama'a mai yawa ta yi sahu a ƙarƙashinsa. Ƙasar da azarar duk irin na kowa ne, himmar ce ta bambanta.

Kada kuma wani ya zaci ƙuntata wa kai taƙawa ce. Mutum uku sun zo gidan Annabi (S.A.W.), ɗaya ya ɗaukar wa kansa azumi kullum, ɗaya tsayuwar dare duka, ɗaya barin aure har abada. Annabi bai yarda musu ba, ya nuna musu cewa shi ya fi su tsoron Allah, amma yana azumi yana sha, yana salla yana barci, yana kuma aure.

Saboda haka, ɗan'uwa, duk lokacin da ka ji bakinka ya ce "ba zan iya ba", tsaya ka tambayi kanka: wa ya ja wannan layi? In Allah ne da Manzonsa, to, ja da baya, kada ka ko kusance shi. In kuwa kai ne, sa ƙafa ka share, ka ɗauki allonka ka nufi zauren malami tun yau, domin murabba'in nan na farko yana nan, kuma babu wanda ya san saura taki nawa ya isa bakinsa.

Allah Ya buɗe mana ƙofofin alheri, Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum.