Baƙar Laka a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa gifta masu yasar lambatu gab da damina ya san warin. Shebur na ɗago baƙar lakar nan sai ɗoyi ya tashi kamar an fasa baragurbi, masu wucewa su toshe hanci su ƙara sauri. Na daɗe ina zaton warin mutuwa ne. Ashe numfashin masu rai ne, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita.

Babban gidan irin wannan laka shi ne inda kogi ke faɗawa teku. Jan ruwan da muke gani a gulbin Rima da kogin Kaduna cikin watan Agusta, ƙasar gonakinmu ce ke tafiya. Abin da madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro ba su riƙe ba yakan bi Kwara, ya wuce Lakwaja, har ya kai rafukan Bayelsa da Ribas. A can, da ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri, sai ƙwayoyin yumɓu su dunƙule su kwanta a gindin itatuwan bakin teku masu saiwoyi a tsaye kamar ƙafafu. Cokalin shayi ɗaya na wannan taɓo yana ɗauke da bakteriya fiye da biliyan ɗaya.

Lakar hawa-hawa ce. Iskar oksijin ba ta ratsa ta sai 'yan milimita kaɗan. A wannan ɗan siririn saman akwai wasu ƙananan gansakuka masu kwanso kamar gilashi. Idan teku ya janye da rana sukan hauro su sha haske, har saman lakar ya yi ruwan zinare, kafin ruwa ya dawo kuma sun nutse. Yauƙin da suke fitarwa shi ke manne lakar, ya rage mata zaizaya. Su ne abincin ƙananan tsutsotsin da kan kai miliyan a faɗin mita ɗaya, tsutsotsin kuma abincin jatan lande da 'ya'yan kifi. Busasshen kirafish ɗin da uwargida ke dakawa a miya, daga irin waɗannan mashigun ruwa na kudu yake zuwa.

Daga ƙasan wannan babu iska ko kaɗan, amma rayuwa ba ta tsaya ba. Wasu bakteriya da gishirin farar wuta da ke cikin ruwan teku suke numfashi, suna cinye ruɓaɓɓen ganye da mushe. Iskar da suke fitarwa ita ce mai warin baragurbi, idan kuma ta haɗu da ƙarfen da ke cikin ƙasa sai lakar ta yi baƙi ƙirin. Danginsu ne ke lambatun ƙofar gidanmu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da masana a jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak suka bayyana a 2012. Sun gano wasu bakteriya da ke jeruwa dubbai, kai da wutsiya, su zama zare ɗaya da bai kai silin gashi kauri ba, tsawonsa ya kai santimita ko fiye. Na can ƙasa suna da abinci, ba su da iska. Na sama suna da iska, ba su da abinci. Sai zaren ya zama wayar lantarki: na ƙasa su ci, su turo caji sama, na sama su miƙa wa oksijin. Wani na ci, wani na numfashi a madadinsa. Duk lokacin da na tuna wannan sai mai yasar lambatu ya faɗo mini a rai, mutumin da yake tsaye cikin ƙazanta har gwiwa domin gidajen unguwa su tsira daga ambaliya, amma da wuya mai wucewa ya ce masa sannu da aiki. Da hanci muke yanke hukunci, shi kuwa hanci bai san amfani ba.

Lakar nan har wanki take yi mana. Takin zamanin da ruwan sama ya kwashe daga gonaki, wasu bakteriya ne ke warware wani kaso nasa su mayar da shi iskar naitirojin, kafin ya isa teku. Sai dai ƙarfinsu yana da iyaka. A bakin kogin Misisipi na Amurka taki ya fi ƙarfinsu, shi ya sa kowace shekara lokacin zafi ake samun makeken yanki a tekun inda iska ke ƙarewa, kifi ya gudu ko ya mutu.

Namu ciwon man fetur ne. Akwai bakteriya masu cin ɗanyen mai, amma sun fi aiki da sauri idan akwai oksijin. Man da ya nutse cikin baƙar laka, inda babu iska, yakan zauna shekaru aru-aru. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da rahoton ya fito, zai yi aure ya haifi nasa kafin lakar rafin garinsu ta koma warinta na asali.