Murzuna Da Ma'anar Tawakkali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, duk manomin gero a Yelu da sauran ƙasar Gaya ya san murzuna. Idan ta ɓata zangarniya, sai wasunmu su ce hukuncin Allah ne, yaƙi da ita jayayya ce da ƙaddara. Shin haka ne?

Mu dubi halittarta. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Takan zuba ƙwai a kan zangarniya tana fitowa. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta riƙa yanke furen tana kewayawa, ta bar tabo murɗaɗɗe. Bayan kamar wata guda sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta duk tsawon rani, har damina ta dawo. Sau ɗaya take hayayyafa a shekara, kuma tashinta yakan dace da fitowar geron wuri. Ɓarnarta ta tsananta a Sahel bayan farin 1972 zuwa 1974.

Wanda ya ƙaddara mata wannan lokaci, shi ne ya halicci maƙiyinta: wani ɗan zanzaro mai harbin tsutsar, ya sa ƙwansa a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Daga 2006, masana na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka shiga kiwonsa, ana rataya shi cikin ƙananan buhuna kusa da gonaki.

Ashe cutar da maganinta duka ƙaddara ne. Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa sahabbai cewa juyowar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Saboda haka tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi aikin gaɓɓai ne. Wanda ya naɗe hannu bai fi kowa imani ba, kasala ce ya sanya wa rigar addini.

Kuma zanzaron nan bai san iyakar gona ba: wanda ya sake shi ya amfani maƙwabcinsa, wanda ya yi feshi barkatai ya kashe shi ya cuci jama'a. Mu duba gonakinmu da wuri, mu nemi shawarar malaman gona, sannan mu miƙa lamarinmu ga Allah.

Allah Ya tsare amfaninmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.